Suruki a Filin Kwando

"Ka cire kanka," na ce masa.

Yaya Hamissou ya ajiye kofin shayi a kan littafi. Bai taɓa yin haka ba. Mutum ne da ko ƙura ba ya bari ta kwana a kan littafinsa.

"Sake faɗa."

"Wasan ranar Talata. Ka cire sunanka."

"Kai, Nafiou. Watanka nawa a Riyad?"

"Biyar."

"Biyar. Ni shekarata tara. Kwandunan nan biyu da hannuna na kafa su, ni da wani mai walda ɗan Sudan, lokacin kana Maradi kana kukan an sace maka takalmi a makaranta. Yau kai ne za ka shigo ɗakina ka ce in cire kaina?"

"Mutum ya faɗi jiya, Yaya."

"Zafi ne."

"Akwai na'urar sanyi a zauren. Ƙishi ne."

"To wa ya hana shi ruwa? Ni da kaina na miƙa masa gora. Sau uku."

"Shi ya sa."

Ya tsaya yana kallona kamar na zage shi.

Wanda ya faɗin Kamil ne, mijin yayata Sahadatou. Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya Hamissou, Sahadatou, sai ni auta. Tun da Baba ya rasu Yaya ne uba. Da Sahadatou ta kawo Kamil gida ta ce shi take so, Yaya ne ya zauna a matsayin waliyyi ya ba shi ita.

Kulliyarmu ƙarama ce, a Nasiriya, ta ɗaliban waje masu karatun Larabci da shari'a a kan minha, wato tallafin karatu. Bayan sakan, gidan da muke kwana, akwai filin siminti na ƙwallon kwando, mai kwanduna biyu. Yaya yana rubuta digirinsa na uku. Shi ne kyaftin, shi ne koci, shi ne mai wanke riguna ya shanya a igiyar bayan kicin. Shekara bakwai yana kai ƙungiyar gasar kulliyoyin gari, wasa uku kowace shekara. Wasa ashirin da ɗaya, nasara ɗaya. Ita ma motar abokan karawa ce ta lalace a hanya, ba su zo ba.

Bana mudir, shugaban kulliyar, ya kira shi ofis. Motocin bas na kulliya a titi suke kwana, filin kuma ya yi daidai da bas huɗu. Ya ce su ci wasa ɗaya, wanda aka buga, ba wanda aka ba su kyauta ba. In ba haka ba, khalas, za a shafa wa simintin farin fenti a jera motoci.

Yaya ya ce yana da magani. Maganin Kamil ne.

Badamagare ne, tsawonsa mita biyu da ɗori. Ya yi shekara uku yana buga wa wata ƙungiya a Yamai, har wasu daga ƙasar waje suna nemansa. Kuma ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, saboda haka takardunsa sun dace da kulliyar. Sau biyu Yaya ya aika ta bakin Sahadatou, sau biyu amsa ta dawo cewa zai yi shawara. A karo na uku Yaya ya kira shi da kansa. Kamil ya ce, "To." Ba shi da wata kalma da zai iya faɗa wa mutumin da ya ba shi mata.

Ranar da ya sauka, sakan gaba ɗaya ya fito kallo. Dawuda, wani Bakano ɗan ajin shari'a wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗauko tsintsiya mai sanda ya gwada shi da ita.

"Wallahi kofi ya zo. Koci, ka nemo inda za mu ajiye shi tun yanzu."

Yaya yana ta murmushi. Kamil kuwa yana durƙushe a gabansa, duk tsawon nan ya naɗe, idonsa a kan tayil.

Wasan farko ya fito da dogon wando. Yaya ne mai ɗauko ƙwallo daga baya ya raba. Wanda yake son ƙwallo dole ya ɗaga hannu, ya dubi mai ita ido cikin ido, ya daka masa tsawa in ta kama. Kamil takalminsa yake kallo. Ƙwallo ta buge shi a ƙirji, ta buge shi a kafaɗa, sau ɗaya a kunne. In an nemi hutu Yaya ya tara mu zai yi magana, sai Kamil ya durƙusa, mu kuma muna tsaye muna kallon tsakiyar kansa. Maki huɗu ya ci. Aka doke mu saba'in da ɗaya da talatin da takwas.

Wasa na biyu shi ne na jiya. Yaya yana raba ruwa. Kamil ya karɓi gora da hannu biyu, ya riƙe, in Yaya ya juya sai ya tura ta ƙarƙashin benci. A wurinmu mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Ni ina benci, ina ganin gorunan suna taruwa. A zango na uku ya tafi kamar an sare itace.

"Wannan kunyar ba ta cikin littafi," in ji Yaya. Ya ɗauke kofin, ya goge bangon littafin da hannun riga. "Na karanta. Ba aya, ba hadisi. Al'ada ce kawai. Na zaunar da shi na ce masa a cikin fili ba suruki, na yafe masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce to."

"A tsaye ko a durƙushe?"

Ya mayar da idonsa kan littafin.

"Ka taɓa jin ya kira sunanka?"

"Ba sai ya kira sunana ba. Ya ce kyaftin. Ya ce kai. Ya yi fito in ya ga dama."

"Ya yi wa waliyyin matarsa fito."

"Fita min daga ɗaki."

Na tsaya a bakin ƙofa. "Gobe Juma'a. Bayan la'asar ka biyo ni Murabba. In ka gani ka ce ƙarya nake, ba zan ƙara magana ba."

Ban zaci zai zo ba. Ya zo.

Bayan wasu shaguna a Murabba akwai fili da ma'aikata 'yan Filifin suke taruwa duk Juma'a, ranar hutunsu. Akwai 'yan Sudan kaɗan, da wani direba ɗan Tasawa. Ni na fara kai Kamil wurin. Muka laɓe bayan wata motar rabon ruwa da aka ajiye a gefen titi.

Kamil yana tsakiyarsu da gajeren wando. Muryarsa muka fara ji tun daga kwana.

"Hat! Hat! Kai, makaho ne? Ga ni nan!"

Wani gajere ya cilla masa. Ya cafe da hannu ɗaya, ya juya, ya ture mutum biyu da kafaɗa, ya tashi sama ya danna ta cikin kwando har ƙarfen ya yi kuka. Ya sauko yana dariya, yana buga ƙirji. Ya koma baya ya mari ƙwallon wani tana cikin iska, ta faɗa kan rufin shago. Ya fizgi gora a hannun direban nan ya ɗaga kai ya kwarara, rabi a baki, rabi a wuya.

Na ji Yaya yana cewa, "Allahu akbar," a hankali. Ya kama ƙarfen motar ya riƙe. Shekara bakwai yana zana irin wannan a takarda.

Kamil ya sake tashi, wannan karon da baya. Sai Yaya ya manta da kansa. Ya fito fili yana tafi.

"Haka! Haka nake so, Kamil!"

Ƙwallon ta suɓuce ta gangara. Kamil ya kama bakin wandonsa yana ja ƙasa, wandon ya ƙi kaiwa inda yake so. Ya durƙusa a kan simintin mai zafi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Barka da yamma, Malam."

Wasa ya tsaya. 'Yan Filifin suka dubi Yaya, suka dubi jallabiyarsa fara, suka ja baya kaɗan. Gajeren nan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Haza kafil?"

Tambaya yake ko Yaya ne mai gidan da iƙamar Kamil, takardar zamansa a ƙasar, take hannunsa. Na ce a'a, wan matarsa ne. Bai gane ba. Yaya ya ji, kuma ya gane.

Da ƙafa muka tafi har tashar bas ta Batha. Cunkoson Juma'a, kowa da yarensa, masu shago suna kiran farashi. Sai da muka tsaya jiran mota Yaya ya yi magana.

"Kafili yakan sa hannu a takarda ya saki mutum," in ji shi. "Ni a wace takarda zan sa hannu?"

Ranar Asabar da safe ya kira Sahadatou, ya buɗe murya don in ji. Ta yi ta dariya har da tari.

"Yaya, ai ko a gida in ka kira wayata, tashi yake ya sa hula."

"Ki ce masa ya daina."

"Na faɗa. Ya ce shi bai ma san yana yi ba."

"To ni ya zan yi da shi?"

"Kai ka kai shi, Yaya. Ni da ka bar min abina."

Ta faɗa da wasa, amma Yaya ya daɗe yana kallon wayar bayan ta kashe.

Bai sallama nan take ba. Ranar da yamma ya zo atisaye da jallabiya, ya zauna a benci, ya ce yau koci ne kawai. Kamil ya fito da dogon wandonsa, ya yi ta zagaye fili kamar mai neman allura. Ranar Lahadi Yaya ya ce ba zai zo ba, ya hau bene ya tsaya bayan labulen ɗakin Maulud, ɗaya daga cikin 'yan wasanmu. Minti goma Kamil yana wasa kamar na Murabba. Sai iska ta motsa labulen. Shi ke nan.

Talha ya jefar da ƙwallo. A Riyad aka haife shi, iyayensa 'yan Zariya ne, Hausarsa tana tafiya da sanda.

"Ana ban gane ba. Huwa yana tsoro? Koci yana duka shi?"

"Ba tsoro ba ne," in ji Dawuda. "Tarbiyya ce. Abin da ba a sayarwa a Batha, shi ya sa ba ka da ita."

"Tarbiyya tana cin maki nawa?"

"Huɗu," in ji Maulud.

Ba wanda ya yi dariya sosai. Kamil yana jin su. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙarfen kwando. Na je na shure ƙafarsa. Ni ƙanen matarsa ne, tsakaninmu wasa ne, ko zaginsa na yi al'ada ta ba ni.

"Raƙumi. Ka san za a mayar da filin nan garejin bas saboda kai?"

"Na sani, gajere."

"To?"

"Ina cewa hannuna ya tashi, ba ya tashi." Ya dubi tafin hannunsa. "Ranar ɗaurin aure ina bayan mutane, na ji muryarsa yana cewa na ba shi. In na ɗago kai a fili, muryar nan nake ji. Ta yaya zan ce wa mai wannan muryar, kai, miƙo?"

Na sake shurin ƙafarsa, a hankali.

Ranar Litinin Yaya bai zo ba, bai hau bene ba. Ya tafi ɗakin karatu tun azahar, ya sa Dawuda ya faɗa a gaban kowa. Aka ba ni raba ƙwallo. Hannuna na hagu ba ya jin magana, in an matsa mini nakan rikice. Ko Talha da ba ya son gudu sai da ya ƙwace ta a hannuna sau biyu. Kamil ya ci duk abin da ya isa hannunsa, amma kaɗan ne ya isa.

Nan na fara da-na-sanin buɗe bakina. Da Yaya, Kamil ba ya wasa. Ba Yaya, ƙwallo ba ta zuwa. In muka faɗi gobe, Yaya ya rasa fili, ya kuma rasa wasansa na ƙarshe, duka ta dalilina.

Bayan magariba ya kira ni ɗakinsa. Ya miƙo mini wani littafin rubutu, bangonsa ya yi laushi saboda gumi. Zane-zane ne, da'ira da kibiyoyi, da bayani rabi Larabci rabi Faransanci.

"Shafi na shida," in ji shi.

"Wannan ai ba ta taɓa aiki ba. Dawuda ya ce shekara huɗu yana tsayuwa a kusurwar nan, ko sau ɗaya ba a ba shi ba."

"Ka karanta dai."

"Yaya, in ka ga gara ka buga..."

"Kai ka ce in cire kaina. Na cire. Kada ka zo yanzu ka ce in ɗauke maka nauyin bakinka."

Ranar Talata bayan azahar bas ya ɗauke mu zuwa zauren wata kulliyar fasaha, inda za a buga. Yaya a kujerar gaba kusa da direba, Kamil a can ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Mu bakwai ne masu riga. Ba ɗan kallo ko ɗaya daga sakan, sun gaji da mu tun bara.

A bakin ƙofar zauren Yaya ya tsaya. Ya roƙi mai gadi kujerar roba, ya ajiye ta a baranda kusa da injin ruwan sanyi, ya zauna. Ya dubi bango ya yi magana da ƙarfi, yadda na bayanmu zai ji.

"Ni ina nan. Ba zan shiga ba, ba zan leƙa ba. Na yi alkawari."

Kamil ya wuce ta gabansa a sunkuye. Aka rufe ƙofa.

Ya cire dogon wandon, amma minti biyar na farko ƙofar yake kallo. Suka ci takwas, ba mu ci ko ɗaya ba. Na ɗauko ƙwallo na zo daidai tsakiya, na buɗe murya.

"Kai raƙumin Damagaram! Yayata ta yi asara! Tsawo kamar falwaya, amfani babu!"

Alƙalin wasa ya dube ni, bai san me na ce ba. Dawuda ya fashe da dariya. Kamil ya juyo, idonsa ya canza.

"Miƙo, gajere, kafin in zura ka a kwandon!"

Na cilla. Ya danna ta har allon ya girgiza. 'Yan kallonsu suka yi tsit, sannan wasu suka tafa ba da son ransu ba.

Daga nan ya ɓalle. Ya ci goma sha tara kafin hutun rabin lokaci. Amma su ma suna da koci, kuma yana da ido. Ya sa mutum biyu a kan Kamil, sannan uku, ya sa wani siririn yaro mai saurin tsiya ya manne mini. Na yi ta zubar da ƙwallo. Aka tafi hutu suna da talatin da huɗu, muna da ashirin da bakwai.

Na fita baranda da gudu. Yaya yana kan kujerar, ya juya wa ƙofa baya, carbi a hannu amma ba ya ja.

"Takwas ka zubar," in ji shi.

"Tara. Ya aka yi ka sani?"

"In sun ƙwace, ihunsu daban yake. Ɗaya ta wuce ni." Ya matso. "Daina buga ta a ƙasa, ba ka iya ba. Taku biyu, ka cilla sama, inda ba mai kaiwa sai shi. Mutum nawa ke kansa?"

"Uku."

Ya lumshe ido. "Uku. To saura biyu ke tsaron mutum huɗu. Shafi na shida."

"Ba ta taɓa..."

"Ba mu taɓa samun wanda mutum uku ke bi ba. Ka faɗa masa, in sun rufe shi kada ya yi taurin kai, ya duba kusurwa. Ka faɗa da bakinka, kada ka ce ni na ce."

Na juya zan tafi.

"Nafiou. Ya sha ruwa?"

"Gora biyu."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da fuskarsa ga bango.

Na koma na fassara saƙon. "Raƙumi, in mutum uku sun hau ka, ba kai kaɗai Allah ya yi wa hannu ba. Ga Dawuda can yana tsufa a kusurwa."

Kamil ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ya san bakin nawa ne, maganar ba tawa ba ce.

Na daina buga ƙwallo a ƙasa. Taku biyu, sama. Muka fara matsowa. Talha, da ya ga ba mai tsaronsa, ya ci shida a jere yana ihu da Larabci. Maulud ya ci huɗu, shi da kansa ya yi mamaki. Dawuda ya samu sau biyu a kusurwa, sau biyu ya zubar, ɗaya ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

"Hannun ya yi tsatsa, ku yi haƙuri," in ji shi. "Shekara huɗu ba a kunna shi ba."

Saura daƙiƙa goma sha ɗaya, suna da hamsin da shida, muna da hamsin da biyar, ƙwallo a hannuna. Siririn nan ya manne. Taku biyu, na cilla sama, ta yi nisa fiye da yadda na so. Kamil ya miƙa hannu ya ɗauko ta daga inda ban zaci hannu yana kaiwa ba. Ukun suka rufe shi. Kowa a zauren ya san zai tashi da su. Ni ma haka na zata.

Maulud ya gitta ya tsaya a gaban mutum na huɗu, kamar yadda kibiyar ta nuna a littafin. Kamil ya daka tsawa.

"Dawuda!"

Ƙwallon ta fita ta saman kawunansu. Dawuda yana nan inda Yaya ya tsayar da shi shekara huɗu da suka wuce. Bai yi magana ba, karon farko a rayuwarsa. Ya ɗaga, ya saki. Ta bugi ƙarfe, ta yi sama, ta dawo ta zagaya baki, ta faɗa ciki. Aka busa usur. Hamsin da takwas da hamsin da shida.

Ban san me na yi ba. Na tsinci kaina a kafaɗar Kamil, Dawuda yana kwance a ƙasa yana kuka yana cewa a kira masa mahaifiyarsa a Kano.

Da muka buɗe ƙofa Yaya yana tsaye. Kujerar ta faɗi a gefe, bai ɗaga ta ba.

"Namu ne ko nasu?" in ji shi. "Ihun ya yi kaɗan, na kasa ganewa."

"Namu ne, koci!"

Mutum uku suka hau ba shi labari lokaci ɗaya, Talha da Larabci, Dawuda da ƙari. Yana bin bakin kowa da ido.

"Shafi na shida," na ce.

"Ta yi aiki?"

"Ta yi."

"Maulud ya gitta? A kan lokaci?"

"Daidai."

"Wa ya ɗauka a waya?"

Muka dubi juna. Biyar suna fili, biyu suna benci suna ihu. Ba wanda ya ɗauka.

"Ba komai," in ji Yaya.

Kamil ne ya fito ƙarshe. Ya riga ya zura dogon wandonsa a kan gumi. Ya durƙusa.

"Sannu da jira, Malam."

"Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka." Yaya ya ɗaga hannu kamar zai dafa kafaɗarsa, ya fasa, ya sa hannun a aljihu.

A cikin bas ya aika wa mudir sakamako. Amsa ta zo kafin mu kai Nasiriya, kalma biyu: mabruk, filinku. Dawuda ya karɓe wayar ya karanta da ƙarfi sau uku, har direban ya ce shi fa bai ga abin murna ba, motarsa ce za ta ci gaba da kwana a titi.

Rana ta kusa faɗuwa da muka sauka. Maimakon ya shiga sakan, Yaya ya zagaya baya, muka bi shi. Ya tsaya a bakin simintin. Ragar kwando ɗaya ta yage, ya ce sai an canza ta. Layin kusurwar Dawuda ya goge, ya ce sai an sake fenti. Kamil yana can baya, taku goma, riƙe da buhun ƙwallaye, kansa a ƙasa.

"Gobe bayan la'asar akwai atisaye," in ji Yaya. "Wasa ɗaya ba ƙungiya ba ne. Nafiou, hannun hagun nan abin kunya ne. Talha, za ka yi gudu ko ba ka so."

Muka ce to.

Aka fara kiran salla a masallacin kulliya. Ba wanda ya motsa. Yaya bai dube ni ba, bai dubi Kamil ba. Kwandon da ya kafa yake kallo.

"Ni fa? In zo?"